Ranar da Banki Ya Yi Hutu, Bijimin Ɗalha Ya Tsinke

Tun da Ɗalha ya sayar da gonar gadonsa ta Sule Tankarkar ya zuba kuɗin a hannun jarin wani kamfanin sukari da ke Legas, mutanen unguwarsu a Gumel ba su ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da safe zai iso teburin mai shayi, ya tsaya a kan mutum yana leƙa masa kofi.

"Wannan ai ruwan zafi kake sha. Ƙara sukari, malam, ƙara. Duk cokalin da ka zuba akwai rabona a ciki."

Asalin sana'ar Ɗalha awon riɗi da zoɓo ce a kasuwannin ƙauye, kuma har gobe ita yake yi, sai dai bakinsa ya riga ya tare a Legas. Ba ya cewa kamfanin, sai "kamfaninmu." In sukari ya yi tsada ya ce, "Mun ɗan taɓa farashi." In ya sauko ya ce, "Mun tausaya wa talaka." Wanda ya sa shi a hanyar kuwa maƙwabcinsa ne Ephraim, mutumin Filato da ya daɗe yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Shi ya buɗe masa komai a waya, ya nuna masa inda ake dannawa. Ba a je ko'ina ba Ɗalha ya koma yi wa Ephraim ɗin bayanin hannun jari, a hankali, yadda ake yi wa wanda kansa ba ya ja.

Ana nan sai albishir biyu suka haɗu masa. Kamfani ya aiko da saƙo cewa za a raba riba, kuma ranar Alhamis kaza za ta faɗa asusun kowa. Sannan matarsa Safinatu, bayan shekaru ana addu'a ana shan magani, ta sauka lafiya ranar Juma'a, aka sami 'ya mace. Suna ke nan sai Juma'a ta zagayo.

Ɗalha ya zauna ya haɗa lissafi. Alhamis riba za ta shigo. Alhamis ɗin ce kasuwar Maigatari, inda shanu ke cika kara har ƙasa ba ta ganuwa. Washegari suna. Ya buga cinya ya ce wannan tsari ba na mutum ba ne.

Akwai rago a bayan ɗaki, wanda Safinatu ta kiwata da hannunta tun cikin yana ƙarami, dusa da harawa ba ta taɓa yanke masa ba. Rago ne na nuna wa sa'a. Amma da Ɗalha ya je ya tsaya a kansa da idon mai kamfani, sai ya ga duk ya ƙanƙance.

Ya shiga ɗakin mai jego ya ce, "Safinatu, ragon nan ba zai yi ba."

"Ciwo yake yi?"

"Lafiyarsa ƙalau. Matsayi ne bai kai ba. 'Yar mai hannun jari, haihuwar fari, a ce rago? Sa za a yanka. Bijimi."

"Malam, kowa a garin nan da rago aka raɗa masa suna, har kai."

"Shi ya sa kika ga na daɗe ban yi arziki ba."

"To ka bar ragon a ɗaure har san ya iso."

"In bar shi mutane su ce ina shakkar kamfanina? Yau zan aika wa Baba shi Gagarawa. Ya san 'yarsa ba gidan wasa take ba."

Safinatu ta dube shi, ta dubi jaririyar, ta ce Allah ya kyauta. Kafin azahar an ɗaure rago a bayan babur, ya nufi gidan surukinsa Malam Cindo yana kuka, kamar shi kaɗai ya hango abin da ke tafe.

Daga nan Ɗalha ya shiga shiri gadan-gadan. Ya sa aka kafa turke mai kaurin cinyar ƙato a ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai yi tuntuɓe da shi ya tambaya. Ya kama mahauta, ya ce su wasa manyan wuƙaƙe, su bar ƙananan a gida. Ya aika Sule Tankarkar, gwaggonsa Tayyiba ta iso da mata cike da mota da tukwanen da yaro zai iya wanka a ciki. Gayyata kuwa har wanda suka taɓa haɗuwa a layin gidan mai sai da ya samu.

Ana tsakiyar haka rediyo ya sanar cewa gwamnati ta ba da hutun Maulidi ranar Alhamis. Watan bai tsaya yadda kalandar mutanen Legas ta zata ba, hutun ya gusa ya faɗo daidai kan ranar da kamfani ya sa. Ɗalha ya ji sanarwar, ya ce madalla, kasuwa za ta fi cika. Da yamma Ephraim ya shigo barka da sabulu da turmin atamfa daga matarsa, ya ja shi gefe.

"Maƙwabci, ka ji an ba da hutu jibi?"

"Na ji. Ku ma'aikata ai kun ji daɗinku."

"Ba wannan ba. Ranar hutu bankuna ba sa aiki, masu raba riba ma haka. In ranar biya ta faɗa kan hutu, sai ranar aiki ta gaba."

Ɗalha ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi tun da aka haife shi bai taɓa ganin hutun gwamnati ya hana wani abu ba. Ranar hutu ake ciniki, ranar hutu ake biki, ranar hutu tasha ke cika.

"Ephraim, hutu naku ne, ku masu takalmi sau-ciki. Ka taɓa ganin kara ta yi hutu? Kuɗin nan ba a jaki za a ɗauko su daga Legas ba, ta waya suke zuwa. Waya tana zuwa Maulidi ne?"

"Waya ba ta zuwa. Amma mai danna ta yana zuwa."

"Kamfani kamar namu, a ce mutum ɗaya ne mai dannawa? Kai dai ka zo ran Juma'a da babban kwano."

Ranar Alhamis da sassafe ya sha farar shadda da hula zanna, ya hau gaban a-kori-kurar Usaini, taubashinsa, wanda tun suna yara ba ya raga masa. Suka ɗauki hanyar Maigatari.

"Kuɗin sun shigo?" in ji Usaini.

"Suna hanya."

"Mu ma muna hanya. Allah ya sa mu haɗu."

Kara ta cika maƙil, shanu daga Nijar, raƙuma can gefe, tireloli sun jeru suna jiran lodin Kudu. Wani dillali mai suna Mati, mutumin Damagaram, ya hango shaddar tun daga nesa ya taro ta da gudu. Ya kai su gaban wani farin bijimi mai baƙin wuya, tozonsa ya kwanta gefe ɗaya don ƙiba. Ɗalha ya zagaya shi, ya daddaɓa masa gindi kamar ya san abin da ake dubawa, bijimin ya kai masa harbi, ya yi tsalle ya ce lafiyayye ne.

Ciniki bai yi tsawo ba, don Ɗalha yana ganin dogon tayi na ƙananan mutane ne. Mai sa ya ce albarka sau ɗaya, Ɗalha ya ƙara, aka sallama. Nan take ya zaro 'yan canjin da ke aljihunsa ya sayi sabuwar igiya shuɗiya, ya miƙa wa Usaini waya ya ce ya ɗauke shi bidiyo. Ya dafa tozon, ya gyara murya.

"Jama'ar Gumel, ga shi nan. Gobe kowa ya zo da haƙoransa."

Ya tura wa duk wanda ke cikin wayarsa. Sannan Mati ya miƙo hannu.

"To, Alhaji, bisimilla."

"Yanzu alat ɗin banki zai shigo. Daga Legas ne, ka san da ɗan nisa."

Suka sami inuwa suka zauna. Waya ta yi ƙara, Ɗalha ya zabura, ashe wani ne ke masa barka da Maulidi. Ta sake yi, wata ƙanwarsa ce ke tambaya ko a ajiye mata ƙafa. Ta sake yi, kamfanin waya ne ke tallan waƙar kira. Ya ce matsalar sabis ce, ya hau bayan a-kori-kura, daga nan ya hau kan rufinta, ya ɗaga waya sama yana juyawa. Saƙo ya shigo. Ya sauko da rawar jiki ya buɗe a gaban kowa, sai ga layin Nijar yana masa maraba da zuwa ƙasarsu.

Usaini ya ce, "To alhamdu lillahi, ko ba komai ka fita waje."

Aka yi azahar, rana ta karkata. Mai sa ya fara tsaki. Mati ya je ya dawo, ya je ya dawo, muryarsa tana raguwa da girmamawa kowace dawowa. Da farko Alhaji yake cewa, daga baya ya koma malam, can sai ga shi yana cewa kai.

"Kai, bawan Allah, ga wani can mai kamiyo, babbar mota, zai tafi Kudu, kuɗinsa a hannu. In kana da su ka fito da su."

"Ka san da wa kake magana? Sukarin da ka sha da safe…"

"Ni fura na sha."

Bayan la'asar Ɗalha yana tsaye da shuɗiyar igiya a hannu aka kora farin bijimi ya hau tirela. Ya bi shi da ido har motar ta fice daga kara. Ya koma bayan wata rumfa ya kira Ephraim cikin raɗa.

"Ephraim, wai da gaske mutum ɗaya ne mai dannawar?"

"Ai na faɗa maka, maƙwabci. Gobe Juma'a ranar aiki ce, zai shigo in Allah ya yarda."

"Da asuba?"

"Wane banki ne ke buɗewa da asuba? Wataƙila da hantsi, wataƙila sai bayan an sauko daga masallaci."

Suna kuwa da sanyin safiya ake raɗa shi. Ɗalha ya share gumi, ya shiga mota ya ce wa Usaini su wuce Gumel kada su tsaya, Gagarawa za su. Zai durƙusa wa surukinsa, ya ce aron ragon nan yake so, gobe da yamma ya mayar masa da biyu. A hanya yana ta bitar maganar, Usaini yana gyara masa inda ya kamata ya sa kuka. Da suka ratsa Gumel ya zame ƙasan kujera ya rufe fuska da hula.

Sun isa Gagarawa ana kiran magariba. Ƙofar gidan Malam Cindo cike da mutane, an shimfiɗa tabarmi, ɗalibai suna ta karatun Maulidi, ƙamshin suya ya cika layin. Malam Cindo ya hango shi ya miƙe da fara'a.

"Ga shi nan! Ga mai ragon da kansa! Jama'a, wannan ne surukin nawa da nake ba ku labari. Shekara da shekaru ina walimar Maulidi da kaji, bana ya fitar da ni kunya."

Aka yi ta shi masa albarka. Aka zaunar da shi kusa da maigida, aka ajiye masa kwano shaƙe da nama. Ɗalha ya leƙa, suka yi ido huɗu da haƙarƙarin ragon Safinatu.

"Ci mana, Ɗalha. Naka ne."

"Na gode, Baba."

"Mun ga bijimin a waya. Kai, tubarkalla! Gobe da duk mutanen nan za mu taho. Af, me ya kawo ka da yamma haka, ga hidima a gabanka?"

Ɗalha ya buɗe baki, ya dubi jama'ar da suka zuba masa ido cike da ƙauna, ya ce, "Gaisuwa kawai na zo yi, Baba."

Ya ci naman yana hawaye. Usaini kuwa ya cinye nasa ya nemi ƙari, yana cewa bai taɓa cin ragon da ya sha kiwo irin wannan ba.

A hanyar komawa ne dabara ta faɗo wa Ɗalha, irin dabarar da ke zuwa wa mutum bayan hankali ya riga ya yi sallama. Lokaci kawai yake buƙata. In ya ja mutane zuwa hantsi, kuɗi za su shigo, ya sayi ko wane irin sa ne a cikin gari a yanka. Ya sa Usaini ya tsaya kusa da wata mashayar shanu, ya fita da shaddarsa da komai ya cika buhu da kashin shanu ɗanye.

"Wannan kuma na miya ne?" in ji Usaini.

"Shaida ce. Kai dai in an tambaye ka, ka ce ka kawo sa."

"Ni ba na ƙarya ranar Juma'a. Abin da zan ce, na sauke abin da aka ɗora mini."

Da asuba, kafin masallata su fito, Ɗalha ya ɗaura shuɗiyar igiya a turke, ya datse ta da wuƙa, ya tsattsefe bakin don ta yi kama da tsinkewa, ya zazzage buhu a gindin turken. Da aka sallame salla mutane suka fara taruwa, sai suka same shi ya ɗora hannu a ka yana salati.

"Ya tsinke! Jama'a, bijimi ya tsinke! Sai da gari ya yi shiru na shigo da shi saboda bakin mutane, yanzu na fito na tarar da igiya!"

Mutane suka kewaye turke. Wani dattijo ya sunkuya ya duba kashin, ya gyaɗa kai ya ce lallai babban sa ne. Ɗalha ya ce a yi haƙuri a zauna, a ɗan jira zuwa hantsi, wataƙila ya dawo da kansa.

A nan lissafinsa ya karye, don bai sa zuciyar mutanen Gumel a ciki ba. Mutumin da aka yi wa alkawarin naman sa tun farkon mako ba ya zama jiran sa ya dawo da kansa. Kafin Ɗalha ya rufe baki 'yan acaɓa sun tayar da babura, 'yan sintiri sun fito da gora, matasa sun rarrabu, wasu hanyar Maigatari, wasu bayan gari, kowa da bidiyon a hannu. Gwaggo Tayyiba ta leƙo daga zaure ta ce ruwa ya riga ya tafasa a tukwane, ko a daji aka kama shi a jawo shi. Motar Gagarawa ta iso, Malam Cindo ya ji labari, ya ce shi ma a ba shi sanda.

"Baba, ka zauna, don Allah. Kowa ya zauna. Ba sai an wahala ba."

"Ji mutumin kirki," in ji wani. "Sansa ya ɓata, amma wahalarmu yake ji."

Liman Malam Abdulmuɗɗalibi ya iso, aka ba shi buzu a gaba, aka ajiye goro. Ɗalha ya rakuɓe jikin bango, hannu ɗaya a aljihu yana shafa waya kamar mai lallashin jariri. Rana ta fito, ta ɗan ɗaga. Waya shiru. Ya fara jin ƙwarin gwiwa duk da haka, don kowane minti da ya wuce nasa ne, kuma san da babu shi ba a kama shi.

Sai ga ihu daga ƙarshen layi.

"An kama shi! An kama shi!"

Babura suka shigo suna hon, a tsakiyarsu ga wani farin sa ana ja ana turawa, yana haki, kumfa a baki. A bayan gari suka same shi ɗaure a gindin wata bishiya kusa da gonaki, suka ce lallai wani ɓarawo ne ya ɓoye shi. Fari ne, wannan gaskiya ne. Amma ƙasusuwan bayansa ana iya rataya hula a kansu, wuyansa kuma duk kanta.

Wani ya duba waya ya duba sa. "Kamar na bidiyon ya fi ƙiba."

"Gudu ne ya zuge shi," in ji shugaban 'yan acaɓa. "Kai ma in ka kwana kana gudu haka za ka koma."

"Tozon fa?"

"Ya narke. Ɗalha, shi ne ko ba shi ba ne?"

Duk ido ya dawo kansa. Ɗalha ya nemi Usaini, ya hango shi ya jingina da mota yana cin goro yana kallon sama. Ya taɓa waya, shiru.

"To… ya yi kama."

Ai ba a jira sauran ba. Aka yi kabbara, mahauta suka zura igiya a ƙafafu, suka kayar da sa, suka juya shi gabas. Babban mahauci ya miƙa wa liman wuƙa, tana ƙyalli. Malam Abdulmuɗɗalibi ya tashi a hankali, ya naɗe hannun riga, ya zo ya tsuguna a kan san. Ya dafa wuyansa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ɗago ya dubi Ɗalha.

"Maigida, da izininka?"

Daga cikin gida jaririyar ta callara kuka. Ɗalha ya ji kukan har tsakiyar kansa. Shekarun da suka yi suna roƙon Allah ya ba su ita, yau abin da zai fara shiga tsakaninsa da ita naman sata ne, na wani bawan Allah da ko sunansa bai sani ba. Liman ya ɗora wuƙa.

"Malam, tsaya! Kada ka yanka! Wallahi ba nawa ba ne!"

Liman ya janye wuƙar, ya miƙa wa mahauci, ya karkaɗe hannu.

"Ai na sani. Nawa ne. Da shi nake huɗa, shi ke ja mini amalanke. Tun daga ƙarshen layi na gane shi. Jira nake in ga iyakar gudun ruwanka."

Wani ya fara dariya can baya, aka yi masa tsawa, mai tsawar ma ya fashe. Malam Cindo bai yi dariya ba.

"Ɗalha, ina bijimin da muka gani a waya?"

"Baba, yanzu haka ya kusa Legas."

"Ya riga ribar haɗuwa da kamfani ke nan," in ji Usaini.

Da Ɗalha ya ga babu sauran abin rufewa, sai ya cire hula ya zayyana komai, tun daga kan rufin mota har buhun. Ya ce shi da ya ce waya ba ta zuwa Maulidi, ga shi Maulidin ya cinye masa sa, ya cinye masa rago, har shi ma an ba shi ya taya ci. Ya ce duk wanda ya ƙara jin ya ce "kamfaninmu" ya zuba masa shayi a ka, ya yafe.

"Ashe shi ya sa jiya kake hawaye a kan kwano," in ji Malam Cindo. "Ni na ɗauka yaji ne ya yi yawa."

Dattijon da ya duba kashi ya matso, ransa a ɓace. "To wannan fa? Ni da na ce babban sa ne?"

"Ba ka yi ƙarya ba, Baba," in ji Usaini. "Babba ne. Ba mu dai san mai shi ba."

Gwaggo Tayyiba ta fito har ƙofar zaure da ludayi a hannu. "Ɗan nan, tun daga Sule Tankarkar ka taso ni in dafa ruwa? Ruwa ne babu a garinmu?"

Ephraim, wanda ya zo da ƙaramin kwano duk da an ce ya zo da babba, ya matso ya dafa shi. "Kada ka damu, maƙwabci, yau ranar aiki ce, zai…"

"Ephraim, don girman Allah ka yi shiru. Gaskiyarka ta ishe ni haka."

Liman ya sa aka kwance sansa aka ba shi ruwa, ya ce kowa ya zauna. Ya ce suna ba ya jiran yanka, yanka kuwa a yi shi ranar da Allah ya hore, da abin da mutum ya mallaka, ba da abin da ke hanya ba. Aka raba goro, aka yi addu'a, aka raɗa wa yarinya suna Rahama. Masa da miyar taushe suka fito, miyar nan ko ƙashi babu, 'yan acaɓa suna ci suna lissafa wa Ɗalha man da suka ƙona. Mu da muka zo da leda a aljihu don guzurin gida, muka mayar da ita yadda muka zo da ita, kowa yana yi kamar ba shi ba.

Sai da aka sauko daga Juma'a, ƙofar gida ta yi fayau, sannan Ɗalha ya iya shiga ciki. Wannan ce shigar da yake tsoro tun safe. Ya ratsa mata suna ta ƙus-ƙus, ya yi sallama a ƙofar ɗakin Safinatu da muryar da shi kansa bai san yana da ita ba. Tana zaune a bakin gado cikin kwalliyar suna, idanunta sun yi ja. Yau ce ranar da ta yi shekaru tana jira, ranar da za ta ɗaga kai a gaban dangin da suka sha yi mata gori, ga abin da ya mayar da ita.

Ya tsuguna. "Safinatu, ni dai…"

"Ba ni za ka faɗa wa ba. Ni na san ka." Ta ɗauko jaririyar ta ɗora masa a hannu. "Ga ta nan. Ita ce baƙuwa, ita za ka yi wa bayani."

Ɗalha ya karɓe ta da hannu biyu, yana tsoron ko numfashi ya yi da ƙarfi. Tun da aka haife ta yana ta zirga-zirgar turke da tukwane, sai yanzu ya lura bai taɓa tsayawa ya dube ta sosai ba. Ta buɗe ido ɗaya, ta yamutsa fuska, ta kama masa ɗan yatsa ta riƙe gam.

"Rahama," ya ce, "ubanki wawa ne. Gara ki ji daga bakina kafin a faɗa miki a makaranta."

Safinatu ta kau da kai, amma ya ga kafaɗarta tana rawa, kuma ba kuka ba ne.

Nan waya ta yi ƙara a aljihunsa, irin ƙarar nan ta banki da ya kwana biyu yana mafarkinta. Duk su biyun suka ji. Hannuwansa na ƙarƙashin yarinya, ita kuma ba ta saki yatsan ba.

"Ga mutanenka sun iso," in ji Safinatu. "Ba za ka duba ba?"

Ɗalha ya gyara wa Rahama kwanciya a ƙirjinsa, ya zauna sosai a ƙasa ya miƙe ƙafa.

"Bar su su jira a waje. Yau ni ke hutu."